Saitin Dare a Ƙaramar Bindiga: Yana da Amfani, Amma Tocila ce Gaba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi bayani a kan wata tambaya da ma'aikatan tsaro da waɗanda doka ta ba izinin riƙe ƙaramar bindiga suke yawan yi wa masu koyar da harbi da masu gyara: shin saitin nan mai haske da daddare ya cancanci a cire na asali a sa shi? Saiti shi ne 'yan alamomin da ke saman bindiga, ɗaya a gaba ɗaya a baya, da ake daidaitawa da ido kafin harbi. Amsarmu ita ce e, ga wanda aikinsa ke kai shi wuri mai ƙarancin haske. Sai dai amfaninsa bai kai yadda masu talla ke kururutawa ba, kuma da yawa suna sayen irin da bai dace ba.

Abin da ke cikinsa shi ne 'yar kwalbar gilashi da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, an shafe cikinta da hoda mai ƙyalli, an ɗura mata iskar tiritiyom, an toshe. Tiritiyom wani nau'in haidirojin ne mai fitar da tururin nukiliya mara ƙarfi, kuma wannan tururi ne ke bugun hodar ta riƙa haske dare da rana, babu batir, babu caji. Irinsa ake sa wa a hannun wasu agogo. Tururin ba ya iya ratsa gilashin, ba ya ma iya ratsa fatar mutum, don haka riƙe bindigar a jiki ba shi da illa. Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a sun haɗa da Trijicon na Amurka, wanda aka kafa a 1981, da Meprolight na Isra'ila.

Hasken yana da wa'adi. Rabin ƙarfin tiritiyom yana tafiya a cikin shekara 12 da kusan wata huɗu. Ke nan kowace shekara yana raguwa da kashi biyar da ɗoriya cikin ɗari, bayan shekara 6 saura wajen kashi 70, bayan shekara 25 saura kwata. Lissafin yana farawa ne daga ranar da aka ɗura iskar, ba daga ranar da ka saya ba. Saitin da ya shekara huɗu a kan kantar shago ya riga ya ci wani ɓangare na rayuwarsa, saboda haka a nemi alamar shekarar ƙira a jikinsa ko a kwalinsa kafin a biya. Kore ya fi kowane launi fitowa, domin idon mutum ya fi saurin kama shi. Launin ruwan lemo ya fi saurin dusashewa.

Yanzu ga inda maganar take. A kasa haske gida huɗu, a duba inda ɗigon hasken da kwalbar ke bayarwa ke aiki.

Da rana tsaka ba a ganin hasken tiritiyom sam. Abin da ido ke kamawa shi ne zoben fenti da ke kewaye da kwalbar, in akwai shi, in kuwa babu, saitin ya zama baƙin ƙarfe kamar kowanne.

A baƙin duhu, inda ba ka ganin tafin hannunka, ɗigon zai fito tar, amma bindigarka kaɗai yake nuna maka. Ba ya haska abin da ke gabanka ko da taku ɗaya. Wanda ya ga kore uku a jere a kan wata inuwa mai motsi, zuciyarsa za ta raya masa cewa ya shirya, alhali bai san ko ɓarawo ba ne, ko abokin aiki, ko ɗansa da ya fito shan ruwa. Ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce ba a ɗora yatsa a kan kunama sai an tabbatar da abin da ake nufi da abin da ke bayansa. A irin wannan duhu saitin dare ba ya ƙara komai, yana ma iya jawo ganganci.

In ka kunna tocila mai ƙarfi kuma, hasken da ke dawowa daga bango ko daga jikin abin da ka haska yana shanye ɗan hasken tiritiyom. Saitin zai fito baƙi ƙirin a kan wuri mai haske, kuma haka ake so, ko na roba ne ya wadatar.

Gida na huɗu shi ne nasa: tsakanin magariba da isha, ko goshin asuba, ko kana tsaye cikin inuwa shi kuma wanda kake kallo yana ƙarƙashin fitila mai rauni, ko cikin rumfar ajiye motoci. A nan kana iya gane fuska da abin da ke hannu, amma baƙin saiti ya ɓace a kan baƙar riga. Wannan tazara ce ƙarama, sai dai mai gadi da ɗan sintiri suna shafe sa'o'i a cikinta, kuma a nan ne ɗigo ɗaya mai haske yake raba harbi mai saiti da harbin kan mai uwa da wabi. Don wannan ne muka ce ya cancanta.

Shi ya sa tsarin kashe kuɗi a wurinmu yake haka: tocila mai kyau tukuna, da koyon riƙe ta tare da bindiga, sannan harsashin atisaye a wuri mai ƙarancin haske ƙarƙashin malami, sannan saitin dare. Wanda bindigarsa ta wasan harbi ce da rana, ya bar shi. Saiti mai zaren gilashi, wanda ke tattara hasken rana, ya fi masa fitowa nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma yana mutuwa da zarar rana ta faɗi.

Wane iri za a saya? An fi sayar da mai ɗigo uku, ɗaya a gaba biyu a baya, duka kore, duka ƙarfi ɗaya. Mu ba mu so shi. Na baya sun fi kusa da ido, don haka sun fi girma da haske, suna janye ido daga na gaba, wanda shi ne ya kamata a kalla. Sannan a duhu, cikin gaggawa, ɗigon gaba yana iya fita ta hagu ko ta dama na biyun, mutum ya ga uku a jere ya ɗauka daidai ne, alhali bakin bindiga ya karkace sosai. Mafita ita ce tiritiyom a gaba kaɗai, da zobe mai launi mai fitowa da rana, baya kuma baƙi mai faɗin tsagi. In dole sai da haske a baya, a nemi mai launi dabam kuma mai rauni, ko mai ɗigo ɗaya da ake ɗora na gaba a kansa. Wanda ya riga ya sayi mai uku yana iya shafa baƙin alƙalamin maka a kan na baya don rage musu ƙarfi.

A yi hattara da jabu. Akwai fenti mai shan haske ya riƙa ƙyalli na ɗan lokaci, ana sayar da shi da sunan tiritiyom. Gwajin ba wuya: a rufe saitin a akwati ya kwana, a buɗe a ɗaki mai duhu ba tare da an kunna fitila ba. Na gaskiya haskensa na nan yadda yake, fenti kuwa ya mutu. A ba ido minti goma ko fiye ya saba da duhun kafin a yanke hukunci.

Wajen ɗaurawa ne ake yawan ɓarna. Kafin komai a cire gidan harsashi, a ja murfin sama baya a duba cikin bututu da ido da yatsa, a fitar da harsashi daga ɗakin gaba ɗaya, sannan a raba murfin da gangar jiki. Saitin baya yana zaune ne cikin wani tsagi da aka yanka a kan murfin, ana tura shi ta gefe. A wasu bindigogi tsagin ya fi faɗi ta ɓangare ɗaya, saboda haka a duba takardar kamfani a san ta inda ake fitarwa da ta inda ake shigarwa. Abin da ya dace shi ne na'urar turawa mai sukuru, wadda ke matsa saitin a hankali. Fanca (ɗan sandan da ake dafawa a buga) da guduma su ne ke fasa kwalbar, ko su tsaga ta tsagin da ido ba ya gani, bayan 'yan kwanaki a tarar ɗigon ya mutu. In babu na'ura, a yi amfani da fancar tagulla ko ta roba, a dafa ta a gindin saitin, kada a taɓa kusa da kwalbar. Sabon saiti ya kamata ya shiga kamar sulusin tsagin da hannu. In ya ƙi, a goge ƙasansa kaɗan kaɗan a kan sanfefa mai laushi da aka shimfiɗa a wuri mai santsi, ana gwadawa. Saitin ake gogewa, ba murfin bindiga ba, domin ƙarfen da aka cire daga murfi ba ya dawowa. Kuma kada a kusantar da wuta.

Na gaba ya danganta da ƙirar bindiga. A Glock, misali, ɗan ƙaramin sukuru ne ke riƙe shi ta cikin murfin, kuma yana buƙatar sifana ta musamman mai siririn baki. A wanke zaren sukurun da sifirit don cire maiƙo, a ɗiga ɗigo ɗaya na shuɗin gam ɗin zare, a daidaita saitin ya miƙe, a ɗaure da yatsu biyu kawai. Ƙarfin damtse yana karya sukurun, rashin gam kuma yana sa girgizar harbi ta kwance shi har saitin ya yi tsalle ya ɓata. A bar gam ɗin ya yi awa 24 kafin a harba. In kwalba ta fashe ana cikin aiki, a buɗe taga a fita na ɗan lokaci, iskar kaɗan ce kuma tana bajewa.

Bayan an ɗaura, dole a koma filin atisaye, domin tsayin sabon saiti ba lallai ya zo daidai da na tsoho ba. Lissafin gyara shi ne: a ninka girman kuskure da tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya, a raba da nisan allon da ake harbi. A ce tazarar milimita 160 ce, allo na mita 15, harsashi na sauka santimita 5 ƙasa da inda aka nufa. A mayar da duka zuwa milimita: ninka 50 da 160, raba da 15,000, ya ba da rabin milimita da ɗoriya. Ke nan ana buƙatar saitin gaba da ya gaza na yanzu tsayi da rabin milimita, ko na baya da ya fi na yanzu tsayi da haka. Na baya ana matsar da shi ne ta inda ake son harsashi ya koma, na gaba kuwa akasin haka. A kuma gwada sau biyu, sau ɗaya ana daidaita saman ƙarafunan, sau ɗaya ana jera ɗigon, domin ɗigon yana ƙasa da saman saitin kuma wurin saukar harsashi yakan bambanta.

Sauran ƙananan abubuwa ne. A gwada bindigar a kubenta, don saiti mai tsayi yakan maƙale ko ya kankare cikin kube. Toka da maiƙo suna rufe fuskar kwalbar gaba bayan harbi, mutum ya zaci ta mutu, alhali auduga da ɗan ruwan sabulu sun isa. Kada a jiƙa saitin cikin sinadarin wanki mai kaifi irin su asiton, yana cin fenti da gam ɗin da ke riƙe kwalbar. Akwai kuma riba ɗaya da ba ta shafi dare ba: yawancin saitin tiritiyom na ƙarfe ne, sun fi na roba da wasu bindigogi ke zuwa da shi jure gogayya da faɗuwa.

Wasu suna yabonsa da cewa yana nuna musu inda bindiga take a kan teburin gefen gado cikin dare. Ɗigon da ya nuna wa maigida ita, shi ne zai nuna wa yaro. Wurin ajiyarta akwati ne mai makulli, da saitin dare ko babu.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu koyar da harbi da gyaran bindiga