Kafin Zafi Ya Kankama: Kira ga Hukumomin Lafiya na Najeriya da Nijar

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan abin da ke hana ni barci duk lokacin da hunturu ya fara janyewa. Na yi shekarun aikina na lafiya a ƙauyukan Jibiya, inda mutum zai yi sallar asuba a Najeriya ya je jana'izar kawunsa a Nijar kafin azahar. Wanda ya zauna a nan ya san zafi idan ya shigo, sankarau na biye da shi, kuma ba ta lafawa sai ruwan sama ya sauka.

Ban manta da 1996 ba. A shekarar, mutum fiye da dubu 100 suka kamu a Najeriya, sama da dubu 11 suka rasu. Ɗaki ya cika, sai muka koma shimfiɗa tabarmi a gindin bedi muna rataye ledar ƙarin ruwa a reshe. Uwa za ta zo da yaro a goye, wuyansa ya sandare, jiki kamar garwashi, ka tambaye ta daga ina, ta ce daga wajen Ɗan Isa. Ba wanda ya taɓa cewa ta koma ƙasarsu. Mu ma namu idan tsallaken ya fi musu kusa, can suke kai yara "likita", kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kiran asibiti.

Abin da ya sauƙaƙa mana wannan annoba aikin haɗin gwiwa ne. A ƙarshen 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta bi sahu a 2011, kuma nau'in A na ƙwayar sankarau da ya yi ta kashe mu kusan ya ɓace. Sai dai nau'in C ya taso, ya yi ɓarna a Nijar a 2015, ya auka wa Zamfara da maƙwabtanta a 2017. Yanzu akwai sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar, wadda Najeriya ce ta fara amfani da ita a duniya a 2024. Amma me za ta tsinana idan an yi wa yaran Jibiya an bar na Madarunfa, alhali kasuwa ɗaya iyayensu ke ci, biki ɗaya suke zuwa?

Shan inna ma ta koya mana darasi mai ɗaci. Da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003, ƙwayar cutar ta bi matafiya ta shiga ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indonesiya. Da ta sake ɓulla a Borno a 2016 kuwa, ƙasashen yankin Tafkin Chadi suka sa ranakun ɗiga magani lokaci guda. Na ga yadda ake yi: ma'aikata da akwatin ƙanƙara a tasha, duk motar da ta tsaya a duba yara, a ɗiga, a shafa tawada a ƙaramin yatsa. Yaron da ya kuɓuce a wannan gefen, a cim masa a wancan. Da haka aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

To, yau ina muke? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, kuma a daidai wannan tsakanin mashaƙo ke cin yara a Kano da Damagaram. Manyan motoci sun tsaya, amma masu babur ba su daina bin ɓarauniyar hanya ba, cuta kuma a kan babur ɗin take tafiya. Sannan a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da hukumar lafiyarta ta WAHO, wadda aka kafa a 1987, ke tattara rahoton annoba tsakanin ƙasashen yankin. Ba na shiga rigimar shugabanni, kowa da dalilinsa. Tsorona shi ne a wayi gari jami'in lafiya na Jibiya ya ji labarin ɓarkewar cuta a Maraɗi daga bakin direban mota, bayan an riga an binne yara.

Muna da Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar tun 1971, tana nan a Yamai, kuma ba ta rataya a wuyan ECOWAS ba. A yi amfani da ita. A bai wa jami'an sa ido kan cututtuka na Jibiya da Illela da Maigatari izini a rubuce su riƙa musayar rahoto kowane mako da takwarorinsu na Maraɗi da Birnin Ƙonni da Damagaram, ba sai takarda ta je Abuja ta dawo ba. A daidaita ranakun rigakafi. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ya sha ba ni wahala: katin allurar yaron Nijar da Faransanci yake, namu da Ingilishi, sai ka rasa wace aka yi, wace ta rage. Dukkanmu Hausa muke ji, me zai hana a buga katin garuruwan iyaka da Hausa a gefe?

Ina roƙon gwamnonin Katsina da Maraɗi, da sarakunanmu na ɓangarorin biyu, su zaunar da jami'an lafiyarsu tun kafin watan Maris.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin lafiya,
Jibiya, Jihar Katsina.