Takardar Koke Kan Rashin Jirgi Kai Tsaye Tsakanin Ƙananan Filayen Jirgi Biyu

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka, 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai da masu jinyar 'yan uwa, mun kawo kukanmu gabanka kan zirga-zirga tsakanin ƙaramin filin jirginmu da na yankin da ke maƙwabtaka da mu.

Ranka ya daɗe, filayen nan biyu ba su da nisa da juna, amma babu jirgin da ke tashi daga wannan ya sauka a wancan. Mai son zuwa can sai ya hau jirgi zuwa babban birni, ya zauna zaman jiran wani, sannan a juyo da shi kusan ta inda ya fito. Tikiti biyu, binciken kaya sau biyu. In jirgin farko ya makara, na biyu ya tafi ya bar shi, kwana ya kama shi a garin da bai nufa ba. Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne mai rakiyar mara lafiya, ya wuni da shi a kan kujerar ɗakin jira.

Ga lissafin da ya sa abin ke mana ciwo. Jirgi mai farfela irin ATR 42 yana gudun sama da kilomita 500 a awa. Ko da tazarar ta kai kilomita 400 a miƙe, a haɗa da mintocin hawa sama da saukowa da gangarawa kan titin jirgi, tafiyar ba za ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Ita ce muke ɓata wa yini guda.

Kullum amsar da ake ba mu ita ce babu fasinja. Gaskiya ne ba za mu cika jirgi mai kujeru 150 ba, kuma ba shi muka roƙa ba. ATR 42 kujerunsa kusan 48 ne, Twin Otter kuwa 19 kacal, kuma dukansu suna sauka a gajeren titi. Ta yaya za a san yawan fasinjan hanyar da ba a taɓa buɗewa ba?

Roƙonmu, ranka ya daɗe, ka sa baki, domin maganarka tana isa inda tamu ba ta kai. A zaunar da gwamnati da hukumar kula da filayen jirgi da kamfanonin jirage, a yi gwajin ƙaramin jirgi sau biyu a mako na tsawon wata shida, a riƙa bayyana adadin waɗanda suka hau. Muna kuma roƙon a gyara fitilun titin jirgin, don kada faɗuwar rana ta riƙa soke tafiya.

A shirye muke mu turo wakilai fada duk ranar da Mai Martaba ya kira.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
A madadin al'ummar da ke amfani da filin jirgin.