A manna mana lissafin kuɗin ƙaramar hukuma a bangon sakatariya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni ba, a majalisarmu ta bakin kasuwa har shayi muka saya wa juna. Kotun ta kuma ce naɗa kantomomi a gurbin zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa tsarin mulki. Muka ce kakarmu ta yanke saƙa.

To amma Malam Edita, famfon tuƙa-tuƙa da ke bayan firamarenmu yana nan yadda yake, hannunsa a karye, an ɗaure shi da waya. 'Yan mata sai sun je rafi da jarkoki kafin su shiga aji, wasu a jiƙe suke zuwa bayan an gama darasin farko. A ɗakin shan maganinmu ma'aikaciya ɗaya ce tal, da fitilar wayarta take karɓar haihuwa in dare ya yi. Mun je wurin kansila, ya buɗe mana hannuwa ya ce shi ma albashinsa kawai yake gani. Ciyaman kuwa sai ƙarshen wata ake ganin motarsa, in ka yi sa'ar samunsa, amsar ɗaya ce: sai an sa hannu daga sama.

Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai. Mu muke biyan tsadar man nan a kuɗin mota da na niƙa. Ina ƙarin ya maƙale?

Ba na kewar haraji da jangalin zamanin En'e, iyayenmu sun sha wuya a kansu. Amma a lokacin duba-gari yana zagayawa, ana share magudanan ruwa kafin damina, kuma an san inda baitulmali yake. Garambawul ɗin da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 ma don a kusanto da gwamnati ga talaka aka yi shi.

Na yarda tura kuɗin kai tsaye shi kaɗai ba zai wadatar ba. Muddin hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓen, jam'iyyar gwamna ta kwashe kusan duk kujerun, ciyaman wanda ya ɗora shi zai yi wa biyayya, ko ta wace ƙofa kuɗin ya shigo.

Shi ya sa nake roƙon abin da ba ya bukatar gyaran tsarin mulki. Duk wata a rubuta da Hausa, a manna a bangon sakatariya: ga abin da ya shigo, ga albashin malamai da ma'aikatan lafiya, ga abin da ya rage da inda aka kashe shi. Ku ma 'yan jarida, alƙaluman rabon nan ana fitar da su, ku riƙa buga na kowace ƙaramar hukuma, gidajen rediyo su karanta mana. Ranar da na san nawa ya shigo, zan ɗauki takardar in je in tambayi ciyaman kuɗin gyaran hannun famfonmu.

Wassalam,
Mai karatunku, malamin firamare mai ritaya