Tsadar lemu a kasuwar duniya: a duba dashe kafin a haƙa rami

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da masu shirin kafa lambun lemu saboda labarin da suka ji cewa ruwan lemu ya yi tsada a duniya. Labarin gaskiya ne a 2024, amma ya kamata a san abin da ya kawo tsadar.

A ƙarshen 2024 farashin daskararren ruwan lemu a kasuwar New York ya haura dala 5 kan fam guda na nauyi (ƙasa kaɗan da rabin kilo), abin da ba a taɓa gani ba. Ba masu sha ne suka ƙaru ba, bishiyoyi ne suka gaza. Jihar Florida ta Amurka ta tsinki akwati miliyan 244 a kakar 1997 zuwa 1998, kowane akwati kilo 40.8, amma a 'yan shekarun nan ko miliyan 20 ba ta kaiwa. Brazil, wadda ke fitar da fiye da kashi biyu cikin uku na ruwan lemun da ake cinikinsa tsakanin ƙasashe, ta sha fari da zafi, aka yi mata hasashen akwati miliyan 232 a 2024, mafi ƙaranci cikin shekara sama da talatin. Da amfaninta ya farfaɗo a 2025, farashin ya faɗi da fiye da rabi. Wanda ya dasa lemu yau sai ya jira shekara uku zuwa huɗu kafin ya ga 'ya'yan fari, don haka farashin shekara guda ba abin gina lambu a kansa ba ne. Lemun da ba a matse ba kuwa, Masar da Afirka ta Kudu da Sifaniya sun riga sun kama kasuwarsa. Kasuwarmu ta gaskiya ita ce ta gida, irin motocin da ke tasowa daga Binuwai su sauke a 'Yan Lemo a Kano, da kamfanonin lemun kwali da har yanzu suke shigo da daskararren ruwan daga waje.

Abin da ya durƙusar da Florida shi ne cutar da ake kira huanglongbing, wadda aka gano a Brazil a 2004, a Florida a 2005. Ba ta da magani. Wani ɗan ƙwaro ne ke yaɗa ta, tsawonsa bai wuce milimita huɗu ba, yana zama a sabon toho, kai ƙasa gindi sama, 'ya'yansa na fitar da farin zare kamar kakin kyandir. An ba da rahoton ganinsa a jihar Oyo a 2020, a Gana kuma a 2023. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga yadda ake gane cutar. A ɗauki ganyen da ya yi rawaya a dubi ɓangarorin biyu na jijiyar tsakiya. In rawayar ta yi daidai hagu da dama, galibi ƙarancin sinadarin zink ne, taki zai gyara. In dabbare-dabbaren ɓangare ɗaya bai yi kama da na ɗayan ba, a yi hattara. 'Ya'yan kan fito ƙanana, a karkace, da ɗaci, ƙwallon cikinsu a motse, suna zubowa tun kafin lokaci. Kada a dogara da koren ɓawo, domin a ƙasa mai zafi irin tamu lemu kan nuna ya yi zaƙi alhali ɓawonsa kore ne; sanyin dare ne ke sa shi launin da ake gani a na Masar. Wanda ya ga waɗannan alamu ya sanar da malaman gona ko NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wadda ke da hedikwata a Ibadan da rassa a Bagauda da Dadin Kowa. Bishiyar da ta tabbata ta kamu, tumɓuke ta ake yi. Sare reshe ba ya raba ta da cutar.

Cutar tana tafiya a jikin dashe da idon aure (idon tohon da ake yankowa daga wata bishiya a ɗora a kan gindin wata) fiye da yadda ƙwaron zai iya tashi da ita. Don haka dashen bakin titi, wanda mai sayarwa ba zai iya faɗin daga wace bishiya aka yanko idonsa ba, arha ce mai tsada. A sayi mai aure, a kuma tambayi gindin da aka ɗora shi a kai. Gindin irin da ake kira Cleopatra yana jinkirin fara haihuwa amma 'ya'yansa na da inganci. Na Volkameriana yana da saurin girma da jure fari, sai dai ruwan lemunsa bai kai wancan zaƙi ba.

Tazarar mita bakwai kowace fuska tana ba da bishiya wajen 204 a hekta. Rami ya kai santimita 60 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Kuskuren da ya fi kashe lemu a lambunanmu shi ne binne gaɓar aure, wato inda aka haɗa idon da gindin. Gaɓar ta kasance aƙalla santimita 20 sama da ƙasa. In aka binne ta, ko aka bar ruwan ban-ruwa yana kwanciya a jikin gindi, sai a ga ɓawo ya tsage yana tsatso da ƙaro, ganye ya yi rawaya, bishiya ta bushe a tsaye. A yi ɗan tudu kewaye da gindin, ruwa ya zauna a kwarin da ke wajen tudun. In ƙaron ya riga ya fito, a kankare ruɓaɓɓen ɓawon har a iske mai lafiya, a shafa maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure a cire shi da hannu tun yana ɗanye, in ba haka ba zai rinjayi na sama, mutum ya wayi gari yana rainon lemu mai ƙaya da tsami. A arewa kuma, yankewar ruwa lokacin fure da ƙullin 'ya'ya shi ke sa su zube.

Sai baƙon ƙudan nan da ke harbin 'ya'yan itace, wanda ya shigo Afirka a 2003. Yana huda ɓawo ya sa ƙwai, tsutsa ta ci cikin, lemun ya faɗo, tsutsar ta shige ƙasa ta sake fitowa ƙuda. A tsince wanda ya faɗo sau biyu a mako, a ƙulle a baƙar leda a bar shi a rana, ko a binne shi zurfin rabin mita. Tarkon methyl eugenol, sinadarin da ke jawo ƙudan, maza kaɗai yake kamawa, ba zai wadatar ba in maƙwabta sun bar nasu a zube.

Lemu ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, ba kamar mangwaro ko ayaba ba, saboda haka a ɗanɗana kafin a kira dillali. A yanke shi da almakashi maimakon girgiza bishiya, a ajiye a inuwa, kada a tsinka yana jiƙe da raɓa. Lemun da ya bugu da ƙasa shi ne wanda ake warewa gefe a 'Yan Lemo bayan kwana biyu a mota, kuma daga kuɗin manomi ake cire shi.

Na gode.

Wani malamin gona,
Zariya