Zuwa ga Bakanon da yace hoton ba nawa bane

Assalamu alaikum bawana,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Naga hotunan sunan da ƙanenka ya saka, Allah ya raya, amma kai ko waya ka kasa ɗagawa ka gaya min sai a sitatus na gani kamar wani bare. Wannan bashin ka ajiye shi, zamu yi lissafinsa daban. Abinda ya zaunar dani rubutu yau shine saƙon muryar nan da ka turo kana dariya har da tari, wai hoton jan watan husufin da na saka daga intanet na kwafo, wai mutumin da ya ɗauki hoton ɗaurin aurenka aka ga hula ba'a ga ango ba shine zai ɗauko wata. To ka gyara zama, yau sai ka ji komai, kuma ba zan yi maka da murya ba don nasan halinka, minti biyu ka saurara sauran ka ce netwok ne.

Madubin hangen nesa na saya. A Haraj, inda ake saida kayan hannu, na same shi, wani Balarabe ya saya wa ɗansa yaron ya gaji dashi, yana jingine a bayan ƙofa ƙura ta rufe. Faɗin madubin inci 6 ne, bututun kuwa ya kusa kai min ƙirji in na tsayar dashi, shi yasa ranar da na shigo dashi hara, wato unguwarmu, tsohon nan mai gadin ginin mu yace wannan ai igwa ce, kuma sunan ya bi shi, yanzu har maman yara cewa take a kawar mata da igwar nan zata yi shara. Ba shi da inji ba shi da batir, da hannu ake turawa. Waya nake maƙalawa a bakin wurin leƙawa da wani ɗan maɗauri na roba, shikenan kayan aikin.

Ranar Lahadi ce 7 ga Satumba 2025, tsakiyar watan Maulidi, ka tuna ai. Na baro dawam, wato wurin aiki, da wuri na hau da igwar saman sutuhi, rufin ginin mu, tun bayan la'asar, don a Jidda in ka fito da gilashi daga ɗaki mai mukayyif, wato AC, kai tsaye zuwa cikin wannan rutuba tamu, danshin iskar nan, to nan take zai yi gumi, kuma ba'a goge irin wannan madubin da tsumma, sai dai ka barshi ya sha iska ya daidaita da zafin waje. Wata ya fito daidai da magariba ta ɓangaren duwatsun hanyar Makka, fari tas kamar ba abinda zai same shi. Ƙarfe 7:27 inuwar ta fara cinsa ta ƙasa wajen hagu. A ido ka ce gajimare ne ya taɓa shi, amma a cikin madubi wallahi kana kallon bakin inuwar a lanƙwashe tana tafiya a hankali tana haɗiye ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ka sa ido a kan wani rami mai haske, ka juya ka kurɓi shayi ka dawo babu shi.

Sai ga kiran isha'i. Nan fa hankalina ya rabu biyu, domin an riga an sanar za'a yi sallar husufi a masallatai, kuma kamuwar gaba ɗaya 8:30 zata fara. Mu da muka tashi da karatun Risala ka san abinda muka sani, husufin wata kowa nafilarsa yake a gida, jam'i sai na rana, amma nan jam'i suke yi, raka'a biyu kowace da ruku'u biyu, kuma limamin harar mu in ya samu irin wannan dama ba ya sauri. 'Yarka ta fari ce ta cece ni. Na nuna mata yadda zata riƙa tura bututun kaɗan kaɗan, don duniya juyawa take, in ka bar madubin a tsaye cikin 'yan mintuna watan ya sulale ya fita, sannan na jona iyafis a wayar nace ta riƙa danna maɓallin ƙara murya kada ta taɓa wayar da hannu, taɓawa ɗaya hoton ya girgiza. Na sauka na barta da ƙanenta yana riƙe mata tocila.

Da muka fito daga masallaci kowa kansa a sama. Watan ya koma ja, ba ja irin na jini da 'yan jarida suke ta faɗa ba, ni dai abinda na gani kalar jan ƙarfe ne da ya tsufa, gefe ɗaya yafi haske ɗayan ya yi duhu sosai, kuma ga taurari sun fito a kusa dashi waɗanda ko da wasa ba zaka gansu a daren sha huɗu ba. Minti 82 ya yi a haka, har 9:52, shi yasa na samu sallah na samu hoto. Wahalar ɗaukarsa ita ce hasken ya ragu ninkin ba ninkin. Watan da yake cike wayar tana ɗauka cikin ƙiftawar ido, amma da ya shiga inuwa sai da na kai ISO, ma'aunin jin hasken kyamara, wajen 1600 na bar ƙofar kyamarar a buɗe rabin sakan, in ka wuce haka kuma tafiyar watan ta shafe maka hoton. Mafi yawan abinda muka ɗauka shara ne. Wanda ka gani yana cikin 'yan kaɗan ɗin da suka fita, kuma tsakani da Allah nata ne ba nawa ba, lokacin ina ruku'u na biyu. To kaga ashe 'yarka ka ƙaryata, sai ka san da bakin da zaka bata haƙuri.

Hajiyar ƙasan mu, tsohuwar nan da nake ce maka tun tana yarinya aka zo da ita ta hanyar Sudan, ita ma sai da aka tallabo ta har sama. Tana hawa tace ina gwangwanayen, wai a zamaninsu in rana ta kama wata ba'a zama shiru. Na tuna mu a Tudun Wada da murfin tukunyar Inna, da dukan da muka sha washegari. Na so in yi mata bayani cewa duniya ce ta shiga tsakanin rana da wata inuwarta ta faɗa masa, jan kuma hasken rana ne da ya ratso ta iskar da ke kewaye da duniya, iskar ta watsar da shuɗin ta lanƙwaso jan ya isa can, jan nan dai da muke gani in rana zata faɗi. Ta saurare ni tsaf sannan tace to waye ya sa duniyar ta shiga tsakani. Nace Allah. Tace to ai maganar ɗaya ce, ba ni in leƙa.

Amma fa abinda ya hana ni barci a daren ba watan bane. Zuhal, duniyar nan da Turawa ke kira Saturn, yana nan ƙasa dashi kaɗan, ɗan tauraro mai ruwan ɗorawa da ba ya ƙyaftawa, da inuwar ta fara sakin wata sai na juya igwar kansa na sa ƙaramin gilashin mai girmama abu sau 120. Mutumina, ka sha ganinsa a littafin sakandare da zobensa, to ganinsa da idonka daban ne. Ɗan mitsitsi ne, amma gashi nan a zahiri, ƙwallo da wani siririn layi ya ratsa tsakiyarsa ya fito ta gefe biyu. A 2025 zoben a kwance yake ta gefenmu, a watan Maris ma ɓacewa ya yi gaba ɗaya, haka yake yi duk bayan shekara 13 zuwa 15 saboda karkatar da ya yi a zagayensa na kusan shekara 29 da rabi, sai nan da 'yan shekaru zai buɗe sosai. A gefe ga watansa Titan ɗan ɗigo. Nisansa ya haura kilomita biliyan ɗaya, hasken da ya shigo idona ya fi awa guda yana tafiya. Mai gadi da ya leƙa sai ya zagaya gaban bututun yana haska waya, wai sitika na manna a ciki. Kaga ba kai kaɗai bane, ku biyu ne, sai dai shi yana da uzurin tsufa.

Hoton Zuhal kuwa wani aiki ne daban, ba'a ɗaukarsa da dannawa ɗaya. Iskar sama rawa take, musamman a kan rufin gidaje da ke fitar da zafin yini ga injinan mukayyif suna hura nasu, sai ka ga duniyar tana ninkaya. Dabarar ita ce bidiyo. Ka ɗauka yana ratsa madubin daga wannan gefe zuwa wancan, ka maido shi ka sake, sannan ka zuba a kwamfuta, manhajoji uku ne, PIPP ya tsayar maka dashi a tsakiya, AutoStakkert ya tsince hotunan da iska ta lafa a cikinsu ya ɗora su kan juna, sai RegiStax ya fito da layukan. Duk kyauta ne a intanet. Abinda ya shiga dusu-dusu sai ya fito da zobe har da inuwarsa. Ina ƙara jan abin da yawa sai hoton ya koma kamar zane, shi yasa nake tsayawa da wuri, ni dai na fi son ya ɗan yi laushi amma ya zama abinda na gani.

Af, wai da gaske ne Dogo ya ƙara aure? Matar ƙanen maman yara ce ta faɗa, nace ba zan yarda ba sai naji daga bakinka, mutumin da har yau bai biya kuɗin ƙwallon da ya fasa mana ba. In gaskiya ne kace ina taya shi murna kuma ina jiran nawa goron. Shi kuma malamin lissafin mu naji ance ya yi ritaya ya koma gona, in ka haɗu dashi ka gaishe shi, ka ce ɗalibin nan da yace ba zai taɓa gane kusurwa ba yanzu da ita yake kwana.

Yanzu Mushtari, wato Jupiter, nake bi, sai dare ya raba yake fitowa, kafin asuba ya hau sama sosai, to lokacin ne yafi kyau. Shi kam mai sauƙin kai ne, babba ne, ga layuka biyu masu duhu a cikinsa ga watanninsa huɗu a jere, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610. Yau ka gansu biyu nan biyu can, gobe uku a gefe guda ɗaya ya ɓuya. Sai dai juyawarsa ba ta kai awa 10 ba, don haka bidiyonsa ba'a wuce minti biyu zuwa uku, in ba haka ba layukan su cakuɗe. Ranar 10 ga Janairu 2026 zai yi daidai da mu, duniya na tsakaninsa da rana, ina so in hau Ta'if wajen Shafa in kwana, can sama babu rutuba babu fitilun Jidda. Maman yara tace in dai za'a je da ita a sayo mata ruman to ta yarda, amma maganar kyamarar da nake son saya kada ma in fara, wai kuɗin sabunta iƙama, takardar izinin zama, na nan tafe ni ina zancen taurari. Tana da gaskiya, amma dai na riga na ajiye hoton kyamarar a waya.

Kace ku hadari ne ya rufe ku a daren. Ko ba hadari ma ku a kame ya fito muku, yana can ƙasa cikin hazo, ƙarfe 7:52 naku ya fara saki. Amma naku na zuwa, asubahin Juma'a 28 ga Agusta 2026, inuwa zata ci sama da kashi 90 cikin ɗari, wajen biyar da kwata zai kai maƙura yana yamma, mu nan yana farawa yake faɗuwa. Matsalar dai ɗaya ce, abin na masu tashi asuba ne.

Babbar maganar kuma ga ta, ka rubuta a bango. Litinin 2 ga Agusta 2027 rana zata kisfe gaba ɗaya, kuma inuwar ta kan Jidda da Makka zata bi bayan ta ratso Misra, wajen ƙarfe ɗaya da wani abu na rana, kusan minti shida ana duhu da azahar. Ka tuna na 29 ga Maris 2006 da mutanen Gusau da Katsina suka ga duhu sosai mu muka ƙare da leƙen kwano da ruwa, har yau abin yana min ciwo. Wannan karon a ƙofar gidana za'a yi. Ƙarshen Safar ne, an buɗe Umra, don haka ka fara tari tun yanzu, ka zo ka yi ibadarka ka kalli ikon Allah, masauki da ful da tamis a wuyana. Tabarau na musamman zan tanada mana, kada ka ɗauko min baƙin gilashin nan naka na 'yan gayu, ba ya kare ido, kuma madubin ma sai an rufe bakinsa da tacewa ta musamman kafin a nuna shi ga rana.

Ka tambaye ni wani abu a ƙarshen saƙon naka game da ɗanka, na san akwai tambaya amma dariyarka ta rufe ta, sake turowa. In dai maganar saya masa madubi ce kada ka yarda da masu siririyar ƙafa da aka rubuta sau 500 a kwalinsu, ka jira mu yi magana. Ka gaida Hajiya da amarya da mai jego. In akwai mai tahowa ka aiko min da kuka da daddawa da yajin nan na gidanku, wanda aka kawo wancan karon gishiri ya yi yawa.

Naka,
Ubangidanka na Zazzau, daga Jidda