Ba kowane rashin ji ba ne dattin kunne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu in yi magana kan kunne, saboda abin da ya faru da yayana ya tsaya min a rai.

Wata safiya ya tashi kawai ya ji kunnensa na hagu ya toshe kamar an cusa auduga, ga wata ƙara shuuu da ba ta tsayawa. Duk muka ce ai datti ne, har da ni wallahi, aka sayo maganin ɗigawa aka yi ta ɗigawa har sati biyar. Da muka je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da ɗan fitilarsa ya ce kunnen tas yake, dodon kunnen ma lafiya lau. Sai ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai baki biyu ya buga a gwiwarsa ya dasa a tsakiyar goshin Yaya, ya ce ta ina kake ji? Yaya ya ce ta dama. Likita ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce Malam me ya hana ku zuwa tun ranar? Wai da datti ne ko ruwa ya toshe, ƙarar ƙarfen ta kunnen da ya toshe za ta fi fitowa, tunda ta gudu ɓangaren lafiyayyen to matsalar tana can ciki.

A ranar na san kunne hawa uku ne. Na waje da muke gani, na tsakiya inda dodon kunne yake da wasu ƙasusuwa uku ƙanana, sai na can ciki mai wani abu a naɗe kamar katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000 su ke maida sauti ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Matsalar waje da ta tsakiya, datti ne ko mugunya ko fashewar dodon kunne, yawanci ana gyarawa. Amma waɗancan ƙwayoyin in sun mutu sun mutu, ba sa tsirowa kuma. Irin na Yaya da ji ke ɗaukewa farat ɗaya a kunne guda, maganin da ake badawa, wato sitiroyid, a sati biyun farko ya fi aiki, mu kuma mun ƙone wannan lokacin muna ɗige-ɗige.

Abubuwan da ke kashe ji na ciki suna da yawa fa. Tsufa na ciki, gado na ciki, sankarau da ƙyanda da hangum, shawara mai tsanani ga jariri, har da wasu magunguna irin allurar jentamaisin da wasu na ciwon daji in ba a kula da awo ba. Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙara, don shi muna kallo muke yi wa kanmu. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in mutum yana wuni awa 8 a cikinta kullum tana cin ji a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗari saboda yadda suke sauraro, iyafis a kunne an ƙure murya har na kusa da kai yana jin waƙar. Hukumar ta ce mutum miliyan 430 ke da rashin jin da ya kai a taimaka musu. Shi rashin jin da ƙara ke jawowa ba ya zuwa da ciwo, sai dai ka ga mutum yana ta cewa na'am? me ka ce? yana jin magana amma ba ya rarrabewa musamman cikin hayaniya, mu kuma mu ce rainin hankali ne.

Wani abin da ban taɓa sani ba, ashe jiri ma daga kunne yake iya fitowa, don can ciki ne ma'aunin da ke hana mu faɗuwa yake. Akwai na ɗan daƙiƙu da ke zuwa in mutum ya juya a kan gado, wasu ƙananan tsakuwoyi ne suka goce daga mazauninsu kuma likita na iya maida su ta hanyar jujjuya kai kawai. Akwai kuma ciwon Meniya, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1861, shi hajijiyarsa daga minti 20 har awanni take kaiwa, da ƙara a kunne da ji mai zuwa yana tafiya.

Shi awon ji kuwa ba zafi ba allura. An sa Yaya a wani ɗan ɗaki da ba a jin komai, hedifon a kai, maɓalli a hannu, in ya ji fiii ya danna, ina kallonsa ta gilashi ana kunna na hagu shi yana zaune bai motsa ba, nan na ji jikina ya yi sanyi. Daga baya aka tura shi hoton MRI don a tabbatar ba ƙari ba ne a jijiyar ji, Alhamdulillah ba shi ba ne. Jarirai ma ana auna jinsu suna barci, ba sai an jira yaro ya shekara 3 bai yi magana ba.

Edita, 3 ga Maris ce ranar ji ta duniya, dan Allah ko shafi ɗaya ne ku samo likitan kunne ya yi wa mutane bayani. Yaya dai yanzu an gwada masa na'urar ƙara ji, in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta damansa.

Nagode,
Mai karanta ku kullum