Amsa ga Hajiyar Birni kan allurar cutar kansa

Hajiya barka da war haka, ya jikin Alhaji? Allah ya ba shi lafiya. Na ga tambayar da kika yi mini a Facebook, wai da gaske ne an samo allurar rigakafi mai toshe jijiyoyin da ke ba ƙarin cutar kansa jini, in haka ne ko Alhaji ya bar zuwa Yamai yin shimiyo ya jira ta. Tunda a bainar jama'a kika tambaya bari in amsa a nan kowa ya ji.

Zancen yana da tushe. Tun 1971 wani lokotoro a Amurka, Judah Folkman, ya ce ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 in bai samu jini ba, shi ya sa yake sakin wani sinadari, wanda daga baya aka sa wa suna VEGF, sai sababbin jijiyoyi su tsiro su nufo shi, kamar mai jan tiyo daga famfon maƙwabci, ke ma kin san yadda ake fama da ruwa a Damagaram. Masu bincike suka ce to a datse tiyon mana. A 2004 Amurka ta amince da Avastin, maganin da ke tare VEGF ɗin nan, amma shi ba rigakafi ba ne, a ƙarin ruwa ake ba da shi ana maimaitawa, ga tsada, kuma yakan kawo hawan jini da zubar jini, miki ma ya daɗe bai warke ba, galibi kuma jinkirta ciwon yake yi ba warkarwa ba.

Ita allurar da kike nufi, so ake jikin mutum da kansa ya koyi yaƙar jijiyoyin nan, kuma wanda ya riga ya kamu ake yi wa. Kuba sun gwada tasu a kan marasa lafiya, a Jamus an gwada wata ta sha mai suna VXM01, a Holan har karnuka masu kansar mafitsara aka yi wa. Duk gwaji ne Hajiya, babu ko ɗaya a farmasi, ba nan ba, ba Faransa ba.

Don Allah kar Alhaji ya tsallake ranar shimiyonsa. In wani ya turo miki hoton kwalba a WhatsApp yana cewa ita ce a kawo jika kaza, kar ki ba da ko dala, ki kai wa lokotoron da ke duba shi ya gani tukuna. A gaida shi da jiki.